Kyaftin Mudassiru Bunkure, Mai Kwantar da Hankalin Alhazai

Haihuwa da karatu

An haifi Kyaftin Mudassiru Isiyaku a garin Bunkure a shekarar 1957. Mahaifinsa, Malam Isiyaku, manomin albasa ne, mahaifiyarsa kuwa, Malama Uwa, sana'arta turara shinkafa. Bayan karatun allo da firamare a mahaifarsa da sakandare a Kano, ya samu gurbi a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, inda ya kammala a 1981.

Aiki da aure

Ya fara aiki a matsayin mataimakin matuƙi, kuma a 1984 ya auri Nana Aisha, 'yar Kura. A 1992 ya kai muƙamin kyaftin, aka sanya shi jigilar alhazai.

Hajjin 1994

A wannan shekara ce mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa shiga jirgi ba, ta tafi Hajji a jirgin da yake tuƙawa. Ƙa'idar aikin ita ce jirgi ya tashi da ƙarfi sosai, idan ya ɗan yi sama sai matuƙi ya sassauta injina zuwa gwargwadon abin da hawa ke buƙata, don kada zafi ya lalata su. Da ya yi hakan, ƙarar jirgin ta ragu, sai Malama Uwa ta zaci injin ya mutu, ta damƙe hannun maƙwabciyarta tana kalmar shahada, har jininta ya hau. Da suka sauka Jidda ta ce masa, "Mudassiru, ka san za ka yi haka amma ka kasa gaya mini?"

Daga ranar bai sake tashi da alhazai ba sai ya ce musu da Hausa ta lasifikar jirgi, "Iyayena, in kun ji ƙara ta ragu, ni na rage ta da hannuna. Lafiya lau muke hawa."

Ritaya da rasuwa

Ya yi ritaya a 2017, ya koma Bunkure yana noman rani, maniyyata na zuwa zaurensa yana yi musu bayanin tafiya. Allah ya yi masa rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a maƙabartar garin. Cikin masu jana'iza har da tsofaffin alhazai daga Kura da Madobi, waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai suka sani.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Kubra, da Salim, da Ilham, wadda injiniyar jirgin sama ce. Allah ya kai rahama kabarinsa.