Ranar da Aka Nome wa Baba Mordecai Gona

Baba Mordecai ya shekara talatin yana ban ruwa a wata gonar gwaji a Samaru kafin ya yi ritaya. Ya koma gidansa na Dogarawa, ya sayi 'yar gona a bayan Zabi, yana shuka masara da kuɓewa. Mutum ne mai sanyin magana, kuma bai iya cewa a'a ba. Matarsa Happiness takan ce ko rigar jikinsa aka roƙa, sai ya tambaya ko a haɗa da wando.

Shekarar korona, bayan an buɗe gari, aka yi shela cewa gwamnati za ta ba ƙananan manoma tallafi. Abin da ake bukata kawai a cike fom, a manna hoton mutum tsaye a gonarsa. Kafin mako ya zagayo, rabin Sabon Gari sun zama manoma. Oluwole tela, wanda suke zama benci ɗaya a coci, shi ya fara zuwa aron gona don ɗaukar hoto. Sai Akunna mai sayar da atamfa ta biyo baya, ita ma ta gaya wa maƙwabtanta. Baba ya riƙa ba su aron fartanya da malafarsa, har yana gyara musu riƙo don kada a yi musu dariya.

Jami'ar da aka ba aikin tantancewa, Malama Clara, ta zauna da hotunan ta ga bishiyar mangwaro ɗaya da malafa ɗaya a kan mutum goma sha tara. Ba ta yi faɗa ba. Ta aika a gaya musu kowa ya same ta a gonarsa ranar Talata da safe.

Duk suka hallara a gona guda, kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa. Malama Clara ta nuna kuɓewa ta tambayi Oluwole mene ne wannan, ya duƙa ya duba da kyau ya ce rogo ne. Sai ta buɗe bayan mota, ga fartanyu jibge.

"Tunda gonar ta kowa ce, ga ciyawa ta cinye ta," in ji ta. "Kowa ya kama kunya biyu in gani."

Aka duƙa. Oluwole yana sara yana tsayawa yana dafe ƙugu. Akunna kuwa tana tuge kuɓewa tana barin ciyawa, wai ita ce ta fi kore. Baba ya kasa daurewa, ya bar kunyarsa ya riƙa bin su yana lallashi, yana tattara abin da aka tuge yana mayarwa cikin ƙasa.

Malama Clara ta kira shi gefe. "Baba, kai ne mai gonar nan."

Ya waiwaya ya dubi maƙwabtansa da ke ta zufa. "To, 'yata, ai duk tamu ce."

Sunansa kaɗai ta rubuta, amma ba ta sallami kowa ba sai da aka kai ƙarshen gonar. Tallafin bai iso ba sai bayan girbi, Baba ya sayi taki ya ajiye wa damina mai zuwa. Oluwole ya yi Lahadi biyu yana zama a bencin baya. Akunna kuwa kunya ta sa ta sayo wa Baba iri a kasuwa, wai na kuɓewa ne, ta kawo har gida. Ya yi godiya ya shuka, da ya tsiro sai ga rama.