Ƙwaryar Marka a Jikin Tuta

Mudi maɗinki ne, amma in ka gan shi ba za ka ce sana'ar zaune yake yi ba. Ɗinki kaɗan, sai ya miƙe ya leƙa waje, ya dawo yana neman allurar da ke soke a hularsa. Mutanen garinsu, wani ɗan gari mai ganuwa tsakanin Tsiga da Ƙarfi, sukan ce cinnaka ne suka yi gida a tabarmarsa. Sai dai hannunsa na da kyau, shi ya sa ɗinkin tutar gari ya zama nasa.

A wancan zamanin an daɗe da gama jihadi, amma mahara daga arewa ba su bar manoma sun huta ba. Tutar garin fara ce, tana kan gora a saman ƙofa. Ba daga saƙi ɗaya ake yin ta ba. Kowace unguwa da kowane ƙauye na kewaye sukan kawo ƙwarya ɗaya ta farin saƙi, mai faɗin tafin hannu, Mudi ya haɗa. Duk wanda ƙwaryarsu ke jikin tuta, ranar hari ƙofa a buɗe take gare shi. Liman yakan ce farin na nuna tsarkin zuciya. Mudi kuwa yakan ce an bar ta fara ne don kada wani ya nuna tasa ya ce ta fi ta maƙwabci.

Uwarsa Marka Bamagujiya ce, tana ƙauyensu na gindin dutse. Shi ya musulunta tun yana saurayi ya shigo gari, ita ta ce ta tsufa da sake hanya. Ba wanda ya kai ta iya kaɗi, don haka da zarenta ake saƙa ƙwaryar Maguzawa, kuma da ƙafarta take kawowa.

Wata shekara rana ta cinye tutar, aka ce a sake. Marka ta zo da tata, ta durƙusa gaban mai gari Maitama. Shi kuwa yana cike da Maguzawa, don ba su zo gayyar gyaran ganuwa ba. Cewa cutar agana ce ta kwantar da ƙauyen bai dame shi ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya jefa wa Mudi.

"Mayar wa uwarka kayanta. Wanda bai ɗora ƙasa a ganuwa ba, ba ya fakewa a bayanta."

Marka ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Riƙe, ɗan nan, ka riƙa goge allura da ita." Ta fita ba ta waiwaya ba.

Nan fa ƙafar Mudi ta ƙi zama. Ya je wa Liman Shitu, ya ce maganar ta mai gari ce. Ya je wa Maharazu mai ƙofa, ya ce shi ɗan aike ne. Ya koma wa Maitama, aka ce yana barci. Haka ya yi ta zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ɗinki na jiransa.

Daga ƙarshe ya zauna ya haɗa tutar da ƙwaryoyin da aka yarda da su. Saura aljihun gefe, inda ake zura gora. Wannan ba a taɓa lissafa shi cikin ƙwaryoyi ba, ko tsumma maɗinki ya sa ba mai tambaya. Mudi ya ninka ƙwaryar uwarsa ya ɗinke ta a nan. Aka ɗaga tuta, kowa ya yaba.

Bai faɗa wa kowa ba, har ita. Marka ba ta iya riƙe magana, abin da ta ji da safe kafin azahar ya kai kasuwar Ƙarfi, kuma in Maitama ya ji zai sa a farke. Sau da yawa Mudi ya kama hanyar ƙauyen, in ya hango dutsen sai ya juyo. Ya ce bari a gama girbi tukuna. Kaico da wannan "tukuna".

Dawa na tsaye a gona gangar hari ta tashi da hantsi. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwarara cikin gari. Da Maguzawa suka iso, Maharazu ya tare ƙofa da mashi. Mudi bai tsaya roƙo ba. Ya haye ganuwa da askarsa ta yanka zare, ya kama gindin tutar ya fara farkewa.

"Kai, Mudi, hauka kake?" in ji Maitama daga ƙasa.

"Ranka ya daɗe, kayansu zan cire in mayar musu, yadda ka ce. Aljihun nan ƙwaryarsu ce."

Gefen tutar ya saki, ta fara lanƙwasowa. Ga ƙurar dawaki ta taso, kuma kowa ya san tuta in ta faɗi, mahara sun ɗauka gari ya sallama. Maitama ya daka tsawa: "Buɗe musu!"

Mudi ya ɗaure wurin da zaren hularsa, ya diro yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya kamo hannun Ɗanasabe, ƙanin ubansa.

"Baba, ina Inna?"

"Mun yi mun yi da ita. Ta ce ba ta shiga gidan da aka mayar mata da kaya. Mun baro ta gindin rumbu tana kaɗi."

A bayansa aka sa wa ƙofa sakata.

Da mahara suka wuce, an tarar da ƙauyen toka. Ba a ga Marka ba, a raye ko a mace, sai mazarinta da zare a jiki. Mudi ya bi kasuwanni yana cigiya har ƙafarsa ta gaji, ba labari.

Ya rayu har gemunsa ya yi fari, ya ɗinka tutoci da dama, kowace da ƙwaryar Maguzawa a aljihunta, ba wanda ya ƙara hanawa. Rashin zamansa sai ya ƙaru. Duk baƙon da ya shigo gari, ko fatake ne masu sauri, sai ya ja shi bakin ƙofa ya nuna sama ya ce, "Ka ga abin da ke riƙe da ita? Na su Inna ne." Mutane har suka gaji da ji. Kowa ya ji a ƙasar nan, ban da Marka.