Ƙunshin da Na Ɓoye Cikin Safa

Wata Asabar ce cikin Agusta, shekarar da na cika sha huɗu. Ruwa yana dukan kwanon gidanmu na haya a unguwar Obiagu cikin Enugu, ni kuwa na miƙe ƙafafu a kan tabarma, Goggo Asabe tana yi mini ƙunshi. Maƙwabciyarmu ce, Musulma, matar wani mahauci. Mu Kiristoci ne daga wajen Zariya, Baba yana sayar da albasa. Famfo ɗaya muke bi wa layi, igiya ɗaya muke shanya, tuwon sallarsu ya shigo ɗakinmu, shinkafar Kirsimetinmu ta shiga nasu. Da ta ji washegari zan tafi sansanin matasa na coci, sai ta kwaɓa lalle ba tare da ta tambaye ni ba. "Rifkatu, 'ya mace ba ta tafiya da farar ƙafa kamar mai takaba," in ji ta, tana ɗaure mini leda. Da aka kwance ya kama jajir, na yi ta zagaya tsakar gida ina yanga.

Yangar ba ta je ko'ina ba. A wata makarantar kwana ta bayan gari aka sauke mu, kusan kowa ɗan Igbo ne, kuma tun a layin abincin farko wata Nkechi 'yar unguwar Uwani, doguwa mai ba da waƙa, bakinta kamar reza, ta gano ni Bahaushiya ce. "Aboki, where your cow dey?" ta ce, wai ina na baro shanuna, layi ya kwashe da dariya. A Enugu aka haife ni, ina jin Igbo sarai, don haka duk abin da aka ƙara a bayana ya shiga kunnena. Allah ya so takalmi rufaffe na sa. Na ce a raina in suka ga jan nan na shiga uku, sai na zura safa na ƙi cirewa. Da ita nake shara, da ita nake tsallen igiya, da ita nake ɗiban ruwa cikin taɓo, wanka kuwa sai kowa ya fita. Ta jiƙe, ta bushe, ta sake jiƙewa, har ta fara wari. Kunya nake ji, kunyar abin da aka yi mini don ƙauna. A addu'ar safe in an zo wajen gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in kama bakina, domin abin da nake yi wa Nkechi fata ba ya faɗuwa a coci.

Ranar ƙarshe matar fasto ta sa aka jera robobin ruwa. Ta karanta mana yadda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, ta ce mu ma haka za mu yi, bibbiyu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa: da Nkechi aka haɗa ni. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na cire safar, warin ya tashi, jan ya fito fili, na rufe ido ina jiran dariya. Ashe Nkechi ba ta san lalle ba, ta ɗauka jar ƙasar Enugu ce ta kama mini ƙafa. Ta durƙusa ta sa soso da sabulu tana dirza bil haƙƙi, har fatar ta fara zafi, ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Na ce mata lalle ne, ba ya fita, goggona ce ta yi mini ado. Ta tsaya da ƙafata a hannunta, ta dubi safar, ta tambaye ni a hankali ko saboda ita ne na yi sati a haka. Na gyaɗa kai. "Gbaghara m," ta ce, wato in yafe mata. Zuciyata da tauri. Sai da na durƙusa na riƙe tata ƙafar ina wankewa, sannan na huce. Da Hausa ta fito mini: "Na yafe." Ba ta nemi fassara ba.

Da na dawo gida, Goggo Asabe ta tare ni a bakin famfo tana tambaya ko sun yaba ƙunshin. Na ce ƙwarai. Ta dubi yatsuna da suka yi fari suka saɓule don zama cikin jiƙaƙƙiyar safa, ta daɗe tana kallo. "Ruwan can wajen ba shi da kyau," kawai ta ce, ta shiga ɗaki ta ɗauko mini man kaɗanya.

Yanzu amaren Enugu da kansu suke neman mai lalle, su ɗauki hoton ƙafa su nuna wa duniya. Goggo ta koma Kano da tsufa, can ta rasu, ni kuma ina ta cewa wata rana zan gaya mata gaskiya. Nkechi ta nemi gafarata a gaban jama'a, na ba ta. Ni kuwa ta Goggo ce ban taɓa nema ba.