Na Ajiye Jarka a Layin Na'urar Jami'a

A lokacin ina ɗalibin digiri na biyu a fannin noma, ɗan garin Tsaskiya mai shegen son sani. Tun ina ƙarami ba rediyon da ya shigo gidanmu ya tsira daga hannuna. Bincikena kan ruwan sama ne da geron yankin Safana, kuma lissafinsa ya fi ƙarfin kwamfutata, sai aka ba ni izinin amfani da babbar na'urar da duk masu bincike ke tarayya a kanta. Jami'in da ke kula da ita ya yi mana bayani: ka tura aikinka ya bi layi, ka nemi iya ƙarfin da kake buƙata, kada ka tafi ka bar shi ba mai dubawa. Yana magana, ni kuwa ina ta tunanin ko ayyuka nawa za ta iya ɗauka lokaci guda.

A garinmu in kana son ruwan burtsatse, jarka kake ajiyewa a layi ka tafi sabgarka. Haka na yi. Na jera ayyuka ashirin, kowanne na nema masa ƙarfin na'urar kusan duka, wasu ma ba komai cikinsu, kama wuri kawai. So nake in ga yadda za ta yi da su. Na hau mota na tafi gida girbin gero, inda waya ba ta samun sabis sai an hau tudu.

Kwana tara na yi. Da na dawo na tarar da saƙonnin jami'in sun taru. Ashe akwai kuskure a aikina, yana ta juyawa wuri ɗaya, kuma ƙa'idarsu a lokacin ba ta ba shi damar kashe aikin mutum ba sai ya ji daga bakinsa. A bayana a layi akwai wata baiwar Allah 'yar garin Yasore, mai 'ya'ya biyu, tana bincike kan ciwon shanu. Kwana biyu kacal take buƙata kafin ranar miƙa kundinta. Ranar ta wuce, aka ce sai baɗi.

Na je ba ta haƙuri ina jiran faɗa. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida da yadda geron ya yi. Sannan ta ce a burtsatsensu in mai jarka ya daɗe ana ture ta gefe, amma na'ura ba ta san wannan ba. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na buɗe sakamakona, ko layi ɗaya babu. Shekararta guda na ci a banza.

Har yau ina da son sani, amma na koyi tambaya kafin in taɓa abin jama'a. Ɗalibai 'yan'uwana, ku nemi iya buƙatarku, ku tsaya kan aikinku, in za ku yi tafiya ku janye shi. Ba ka ganin fuskar wanda ke bayanka a wannan layi, amma yana nan yana jira.