Rumfar da Aka Hana Cewa "Da Sauƙi"

Duk wanda ya taɓa shan kunun Yagana a tashar motar Tanut ya san dokar rumfarta. Ka yi gardamar kokawa har muryarka ta dushe, ka miƙe a bencinta ka yi minshari, ba ruwanta. Amma in kai tsohon soja ne, ta tambaye ka jiki ka ce mata "da sauƙi", to ka jawo wa kanka.

Ba haka kawai ta tsani kalmar ba. Mijinta, Sarjan Haris, ya dawo daga fagen daga a Difa da ɓarɓashin ƙarfe a ƙirji. Sojan da ya nakasa a bakin aiki yana da hakkin magani da ɗan abin rufin asiri, amma sai likitan soja a Damagaram ya duba ya shaida girman raunin. Ranar da Haris zai je, riga mai aiki ya sa, ya shafa turare. Likita ya tambaye shi jiki, bawan Allah ya danne tarinsa, ya ƙame kamar ana fareti, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, yadda duk ɗan mutunci zai ce. Da aka ce ya tuɓe riga, ya ce ai ba sai an kai ga haka ba. Abin da likita ya ji shi ya rubuta. Damina ba ta zagayo ba Yagana ta shiga takaba.

Ta fita takaba da fushin da har yau bai huce ba. Ta yi ta zarya zuwa Damagaram har ta haddace ƙofofin: wadda ake fara shiga, ranar da likita ke zama, da ɗakin ƙungiyar ƴan mazan jiya inda tsoffin sojoji ke shirya wa juna takardu kyauta. Ƴan kamashon da ke tare nakasassu a tasha da sunan sun san hanya, da ludayi take korarsu. Har limamin tasha ya taɓa yi mata nasiha, wai tana koya wa maza butulci.

"Malam, godiya ta Allah ce," in ji ta. "Likita kuwa ba shi ya halicce su ba. Ciwo za su kai masa."

Wata ranar kasuwa wani dogon makiyayi daga Tarka ya zauna a bencinta, rawaninsa ya rufe har hanci. Almustafa sunansa, tsohon soja ne mai muƙamin kafaran da nakiya ta tashi da motarsu. Yagana ta ji warin gyambonsa kafin ta ga ƙafar.

"Ƙanena, yaya jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

Ta dire masa ƙoƙon kunu har ya fantsala. "Sauƙin ne ƙudaje ke bi? Ka bar ƙafar nan haka, wallahi kafin kaka an yanke ta. Da me za ka bi raƙuma, da gwiwa?"

Ya ce su a daji tun suna yara ake hana su raki, ko kunama ta harbe ka, shiru za ka yi. Ta ce ta ji, ya shanye kununsa. Washegari ta bar wa maƙwabciyarta Ladi tukunya, ta tasa shi gaba suka hau mota. Duk hanya karatu take ba shi: ya faɗi yadda ba ya barci, yadda ba ya iya sujada, ya bar likita ya gani da idonsa. Yana ta gyaɗa kai.

A asibiti aka ce mai rakiya ta tsaya waje. Yagana ta zagaya ta maƙale a taga. Tana kallo Almustafa ya jingine sandarsa a bayan ƙofa, ya cije, ya taka zuwa kujera ba tare da ko ɗingishi ba. Ta taɓa ganin irin wannan tafiyar a wajen mijinta.

"Kafaran, yaya jikin?" in ji likita.

Almustafa ya gyara rawani. "To, alhamdu lillahi, da sau..."

"Sarjan ma haka ya ce!" Muryar Yagana ta cika ɗakin. "Ka zo Tanut in nuna maka inda yake kwance da sauƙinsa!"

Mai gadi ya taho zai janye ta, ta riƙe ƙarfen taga gam, ta ce sai dai a ɓalle shi tare da ita. Sai Almustafa ya sunkuya, ya naɗe wando, ya shiga warware tsumman da ko matarsa ba ta taɓa ganin ƙarƙashinsa ba. Likita ya ajiye alƙalami ya taso.

"Likita," in ji Almustafa, "babu sauƙi."

Yagana ta saki taga ta zauna a ƙasa. Kukan da ta ƙi yi ranar jana'izar mijinta, a nan ya ƙwace mata.