Mataki na Huɗu da Isma'ila Bai Ƙarasa Ba

Yau Asabar, ashirin da uku ga watan Safar. Na tashi da nauyin ƙirji, gwiwar dama kuma ta kumbura, har sallar asuba zaune na yi ta. Idona ya yi rauni, don haka wanda zai kwafe wannan takarda ya yi haƙuri da rubutun.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, sha ɗaya ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Isma'ila Faruk Rabah a asibiti a Sakkwato, yana da shekara sittin da ɗaya. Anka kai shi Rabah anka yi masa sutura bayan la'asar. Ni ban ji ba sai washegari. Kabiru, mijin Uwaliya ɗiyar ƙanena, ya shigo ya durƙusa ya faɗa mini a kunne har sau biyu ban gane ba. Sai ya ɗauki biro ya rubuta a bayan kwalin maganina. Haka na sami labarin mutuwarka, Isma'ila, a bayan kwalin magani.

Na san ka kana aji huɗu, lokacin ina hedimasta a Rabah. Kai ne ka kwance agogon bango na ofis don ka ga abin da ke motsi a ciki. Na yi maka bulala shida, ka share hawaye, ka ce in ba ka dama ka mayar da shi. Ka mayar, ya yi ta tafiya har na bar makarantar. Daga baya ka yi aikin wayar tarho, ka yi shekaru a Goronyo kana kula da na'urorin sadarwa, kafin ka koma gida ka buɗe shagon gyara. Manoman albasa na Giyawa sun san ka da tada injin ban-ruwa, masallatai da yawa kuma kai ka haɗa musu sola. Waɗannan masu su za su faɗa. Ni abin da ka yi mini zan faɗa.

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Latifa. Bayanta kunnuwana sunka mutu, sai ɗan abin da ya rage a na hagu. Ɗiyata Nuriyya tana aure a Kaduna. In ta kira waya, sai in riƙe ina jin gunji kamar na ƙudan zuma. In ta rubuto saƙo, haruffan sun yi wa idona ƙanƙanta. Na koma mutum mai gida ɗaki huɗu da ba ya magana da kowa in ban da mai kawo tuwo.

Wata Alhamis sai ga ka a kan babur, ka ɗauro kwamfuta ta tebur da roba, ka naɗe allonta da bargon gidanka. Ka kafa ta a ɗakin karatuna. Ka rataye wani ɗan farin akwati a taga, ka ce sunansa rauta, ka sa masa layi, ka ɗaura eriyarsa a kan gora ka kafa bisa rufi tana kallon gari. Ka ja shuɗiyar waya daga akwatin zuwa bayan kwamfuta. Ka buɗe mini imel, ka ƙara girman haruffa har kowanne ya kai ƙwayar wake. Ran nan na karanta maganar Nuriyya da idona, na ga hoton jikokina. Ka fita tsakar gida ka daɗe kana duba eriyar da ba abin da ya same ta, don kar ka ga tsoho yana kuka.

Tun daga ranar, kusan kowace Alhamis kana zuwa wurina nan Wurno. Netwok kuwa ba shi da alƙawari. Wata rana ɓera ya ci wayar. Wata rana iskar damina ta juya gorar ta kalli fadama. Akwai ranar da ka buɗe akwatin ka sami tsaka ta yi ƙwai a ciki, ka kawo bakinka kunnena ka ce, “Baba Hedimasta, ka yi ’yan haya ba ka sani ba.” Akwai kuma ranar da ka yi awa guda kana bincike, ashe Uwaliya ce ta zare filogi ta sa cajin fitila. Ba ka taɓa nuna gajiya ba. In ka gama sai mu sha fura, kana rubuta mini labaran Rabah a allo da manyan haruffa, ina amsa maka da baki. Ban taɓa koyon gyaran ba, kuma ban so in koya ba. Mi zai sa in koya, tunda kana zuwa?

Zuwanka na ƙarshe shi ne abin da ya hana ni barci. Ka shigo netwok lafiya lau. Ka sunkuya da gangan ka zare shuɗiyar wayar, ka miƙo mini kwali da biro.

Ka ce, “Yau kai za ka yi gyara, ni kallo nika yi. Rubuta: na ɗaya.”

Na ce, “Mi kaka nufi? Ɗan aji huɗu za shi ba hedimasta shifta?”

Ka ce, “Ai ramuwa ce, Baba. Ba ko bulala.”

Na yi dariya na rubuta. Na ɗaya, in duba fitilun rauta, in sun yi kore. Na biyu, in kashe ta, in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, in kunna. Na uku, in zare shuɗiyar wayar in mayar har ta kama. Tunda ba na jin ƙarar kamawar, ka riƙe yatsana ka ɗora a kan ɗan harshen robar don in ji ta a fata. Ka sa na durƙusa na yi da kaina har sau uku. Gwiwata ta ɗau zafi, raina ya fara ɓaci. Ka ce akwai bambanci tsakanin hanya ta toshe da hanya ta ɓace: in alamar netwok da ke ƙasan allo ta nuna jan kuros, toshewa ce, in kuwa alamar ta ɓace gaba ɗaya, to kwamfutar ce ta manta da katin da ke cikinta mai kama netwok, sai a tuna mata. Ka fara faɗa mini na huɗu, ina rubutawa. A tsakiyar jimla na ajiye biro.

Na ce, “In ka gaji da zuwa gidan tsoho kurma, ka faɗi. Ba sai ka sa ni rarrafe ba.”

Ka ce, “Ba gajiya ba ce, Baba. Ɗauki biron mu ƙare.”

Na ce ba ni ɗauka. Ka mayar da komai yadda yake, ka daɗe zaune ƙasa kafin ka dafa tebur ka miƙe. Na ga wandonka ya yi maka yawa, na ga idonka ya yi rawaya, na ga ba ka taɓa furarka ba. Duk na gani, amma na ɗauka fushi ne. Ka yi mini sallama, ban raka ka ƙofa ba. Shekara talatin da biyar ina gane yaron da ya zo makaranta da zazzaɓi tun daga bakin ƙofa, amma kai ban gane ka ba.

Alhamis ta zagayo ba ka zo ba. Washegari Juma'a na kunna kwamfuta, ba netwok. Ba jan kuros ba. Alamar ce babu ita, wurinta fayau. Na ɗauko kwalin da na jefa ƙarƙashin gado. Fitilu kore ne. Na kashe, na karanta, na kunna. Na durƙusa na zare wayar na mayar, na ji ta kama a yatsana. Ba abin da ya dawo. Na kai na huɗu, ga abin da ke rubuce da hannuna: “In alamar ta ɓace, ka danna hannun dama na maus a kan tambarin da ke ƙasa hagu, ka buɗe jerin kayan cikin na'ura, ka nemo katin netwok, sa'an nan ka”. Iyakarsa ke nan.

Na buɗe jerin, na sami katin, da wata rawayar alama a gefensa. Turancin da ke wurin ina karanta shi sarai. Ɗaya ya ce a sabunta, ɗaya a dakatar, ɗaya a cire. Na danna sabuntawa, ta juya ta juya, ta ce ba ta iya nemo abin da take so sai da netwok. Sauran biyun na ji tsoro. Kabiru ya duba, ya ce shi albasa ya sani da waya, ba wannan ba. Ya ce bari ya kira ka. Na ce kar ya kira. Bayan kwana huɗu ya sake cewa, na sake hana shi. Na ce a raina, wanda ya yi fushi shi zai fara nemana.

Ranar sadakar uku Kabiru ya samo mota munka tafi Rabah. Na gaida iyalinka Hajiya Turai daga bakin ƙofa. Babban ɗanka Mudathir ya ja ni gefe, ya zauna ya rubuta mini a takarda, don kar ya ɗaga murya cikin mutane. Ya ce tun watan azumi likita ya faɗa maka hantarka ta lalace, ka hana a faɗa wa kowa. Ya ce zuwanka wurina shi ne hawan babur ɗinka na ƙarshe, kuma mahaifiyarsu ta hana ka, ka ƙi ji. Ya ce da anka kwantar da kai ka karɓi wayarka ka rubuto mini imel mai tsawo, kana yi kana hutawa, kuma kowace safiya kana tambaya, “Hedimasta ya amsa?” Ana saura kwana biyu ka rasu ka ce masa, “Ko dai fushi shika yi, ko netwok ya ɓace mishi. Na fi zaton netwok. Da na ƙare mishi na huɗu.”

Duka biyun ne, Isma'ila. Kai ka zaɓi ka kyautata mini zato.

Saƙonka yana nan, ban karanta ba. Kabiru ya ce a buɗe imel ɗin a wayarsa, sai dai lambar sirrin kai ka sa ta, kwamfutar ce ke riƙe da ita. Ka taɓa cewa in rubuta in adana, na ce kai ne littafina. Wayarka kuma tana Sakkwato cikin kayan da anka baro gidan ƙanwarka. Mudathir ya ce bai karanta ba kuma ba zai karanta ba. Ya yi alƙawarin zai ɗauko ta ya kawo mini yau, ya duba kwamfutar kuma. Kullum da safe ina buɗe jerin nan in kai maus kan wurin da ya ce a cire. Zuciyata tana ba ni shi ne abin da za ka ce, a cire a sake kunnawa ta nemo katin da kanta, don kamar na taɓa ganin ka yi haka. Amma in na yi kuskure na share abin da ke riƙe da lambar fa? Sai in janye hannu.

Ba na so in jira sai na karanta kafin in amsa, don a shekaruna jira ba dabara ba ce. Ga amsata. Abin da na faɗa maka ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne tun ina faɗa. Tsoro nake kar in iya gyaran ka daina zuwa. Kai kana shirin tafiya kana neman ka bar mini hanyar jin ɗiyata, ni ina ƙirga Alhamis. In a saƙon gafara ka nema, ba ka yi mini komai ba. In faɗa ka yi mini, na karɓa. In kuwa na huɗun ka ƙarasa, to ka ga irin ɗalibin da hedimastanka ya zama. Ka yafe mini, kuma ina roƙon iyalinka su yafe mini a madadinka.

Allah ya jiƙan Isma'ila, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Allah ya sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara. Duk tafiyar da ya yi tsakanin Rabah da Wurno, cikin rana da ruwan sama, Allah ya sa ya same ta a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Turai, da Mudathir, da ƙannensa Raihana da Rumaisa, da jama'ar Rabah, da abokan aikinsa na Goronyo. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Abdulƙadiri Siddiƙu, tsohon hedimasta, Wurno.

Na ajiye biro tun azahar, na sa Uwaliya ta shimfiɗa tabarma a zaure ta dama fura. Ba na jin ƙarar babur, don haka ƙofa na zauna ina kallo. Yanzu da na sake ɗaukar biro, na ga mutane sun nufi masallaci sallar magariba. Mudathir bai zo ba. Gidan makoki ne, ban ga laifinsa ba. Na ce wa Kabiru ya kira shi.