Nonon da Iya Ta Yaba

Shekarun baya can, ina budurwa a gidanmu na Gure, akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga wajen Alakos duk ranar kasuwa. Mu kuwa Barebari ne, kun dai san wasan da ke tsakaninmu da Fulani. Tun daga zaure take fara tsiya: "Ina Babarbariyar nan mai fuska kamar an yi huɗa?" Mahaifiyata, da muke kira Iya, sai ta ɗanɗani nonon ta yatsine fuska: "Yau kuma wace rijiya kika tatsa?" Haka za su yi ta yi har azahar, ga ƙamshin turaren wutan da Iya ke haɗawa ya cika gida.

A farkon wata damina kakata, mahaifiyar Iya, ta rasu, su mai nono kuma sun yi arewa da shanu. Watanni suka wuce, kowa ya koma harkarsa, ban da Iya. Ta daina haɗa turare, ta daina lalle, ta daina zuwa biki. Tuwo loma biyu ta ture. Barci ya ƙaurace mata, da rana kuma ta ce jikinta kamar ta yi wa gari guda daka. Kullum gabanta faɗuwa yake. Ko sallama aka yi, sai ta ce wani abu ya sami yayana a lambunmu na kwari. Aka auna jini, ba a ga komai ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Ni kuma da nake ji da kaina na yi lakwal, wato boko, na yanke hukunci ƙarancin jini ne, na dinga ɗura mata zoɓo har ta tsani ganina da kofi.

Da lokacin kaka ya yi, mai nono ta dawo, ta shigo da tsiyarta yadda ta saba. Iya ta ɗanɗana, ta ce a hankali, "Sannu da hanya, 'yar'uwa. Nonon ya yi kyau."

Matar nan ta ajiye ƙwarya, ta ja Iya ɗaki. Daga bakin ƙofa na ji Iya na kuka tana cewa ta zama mana kaya, da ma ta bi mahaifiyarta ta huta. Mu da muke kwana gida ɗaya ba mu taɓa jin wannan ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Mai nono na fitowa ta tari mahaifina: "Malam, tun muna 'yan mata matar nan ba ta taɓa yabon nonona ba. Wannan ya wuce zaman makoki, ciwo ne. Ku kai ta likita."

Muka kai ta asibiti. Lokotoro ya yi ta tambayoyi kan barci, da cin abinci, da ko tana tunanin mutuwa. Ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, ba raunin imani ba. Ya ba da magani, ya ce sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, kuma kada a bar ta ita kaɗai.

Sauƙin ya zo sannu a hankali. Wata ranar kasuwa Iya ta ɗanɗani nono, ta ce, "Yau kam rijiyar kanwa kika tatsa." Bafulatanar nan mai bakin tsiya ta rufe fuska da gefen zane tana hawaye.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, kuma ina kewarsu. Tun daga lokacin, in mai tsokanata ya koma gaishe ni da ladabi, ba na murna, zama nake in tambaye shi lafiya. Har yau kuma in na sayi nono, sai na kushe shi kafin in biya.